Tanimu da Kwazazzabon Rafin Kanya

An haifi Tanimu a lokacin da garin Suleja yake amsa sunan Abuja, tun ba a ɗauke sunan an kai wa sabon birni ba. Ubansa haƙar rijiya yake yi, shi ma a bakin rijiya ya tashi. Kafin gemu ya fito masa ya riga ya san ƙasar garin ciki da waje: inda jar ƙasa take ƙarewa marmara ta fara, inda za ka ci karo da dutse ka haƙura, da inda ruwa yake kusa har ka ji sanyinsa a tafin ƙafa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya ɗaga murya. Mutane suna cewa zaman rami ne ya koya masa, don a ƙasan rijiya ko raɗa ka yi sai ta dawo maka.

Ya daɗe yana wannan sana'a, daga Suleja har Izom da ƙauyukan bayanta, har ranar da wata rijiya ta rufta da shi zuwa ƙugu. An zaro shi da rai, amma ƙafarsa ta hagu ba ta ƙara miƙewa daidai ba. Matarsa Sailuba ta ce ita ta gaji da zaman jiran labari, in dai lallai sai ya haƙa rami, to ya nemi wanda kansa zai riƙa leƙowa waje. Da wasa ta faɗa. Ba a jima ba tsohon da yake kula da maƙabartar Rafin Kanya ya rasu, Mai Unguwa Mu'azu ya aika aka kira Tanimu ya ba shi aikin.

Maƙabartar a kan tudu take, a bayan gari. Tsakaninta da rafin akwai kurmi mai duhu, kanya da ɗinya da tukuruwa sun haɗe kai, har da rana tsaka in ka shiga sai ka ɗauka magariba ta yi. Birai suna wasa a sama, kwaɗi suna kuka a ƙasa, ruwan kuma ko da bazara ba ya ƙafewa. A tsallaken rafin akwai maƙabartar Kirista. Tanimu bai taɓa ganinta ba saboda itatuwa, sai dai ranar da aka kawo gawa ya jiyo waƙarsu tana ratso ganye, ya ajiye diga har su gama.

Sailuba ta rasu a shekarar 1990, bayan gajeriyar jinya. Maƙwabta suka ce ya bari wasu su haƙa, ya ƙi. Ya zaɓar mata wuri can ƙasa, dab da bakin kurmi, inda inuwa take kaiwa da la'asar. Ya jera itatuwan rufi da hannunsa, ya toshe tsakaninsu da ɗanyen yumɓu. 'Yarsu ɗaya, Tayyiba, tana aure a Lambata. Gida ya zama babu kowa, sai ya mayar da yininsa gaba ɗaya maƙabarta.

Shekara ta zagayo, gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja, sai mutane suka malalo Suleja. Wanda ya samu aiki a sabon birni bai samu ɗaki a can ba, nan ya zo nema. Kanawa, Zage-zagi, mutanen Jos da na Binuwai da na kudu, kowa da jakarsa. Gonakin bayan gari suka zama fuloti. Aka riƙa jera ɗakuna, ƙofa na kallon ƙofa, tun siminti bai bushe ba ɗan haya ya shiga. Gini yana son bulo, bulo yana son yashi, masu girki kuma suna son itace. Duk ukun Rafin Kanya aka nufa.

Tanimu yana zaune a gindin maƙabarta ya ga kurmin yana raguwa kamar kan da ake aske wa. Babu wanda ya zo da niyyar ɓarna. Wannan ya sare reshe, wancan ya kayar da kanya don tifa ta samu hanya, mata suka kwashe abin da ya rage. Cikin masu tifar ma har da Khamis, ɗan ƙanensa, wanda Sailuba ta goya bayan uwarsa ta rasu. In ya zo lodi yakan hauro ya gaishe shi, ya ajiye masa goro.

"Baba, gari ya buɗe," in ji shi. "Yashin da ruwa yake kawowa kyauta, yau shi ne abinci."

Tanimu ya ce, "Allah ya sa albarka." Bai ga laifin yaron ba.

Ruwan sama ma ya canza hali a waɗannan shekarun. Da can yakan fara da wuri, ya yi ta zuba a hankali. Yanzu sai ya yi jinkiri har manoma su fara duban sama, sannan ya sauko gaba ɗaya cikin fushi. Ba kurmin da zai tare shi. Ya gangaro daga kan kwanon sababbin gidaje, ya bi lunguna, ya faɗa rafin da aka riga aka kwashe wa ciki. Gaɓa ta fara zabtarewa. Abin da yaro yake tsallakewa da ƙafa ya zama kwazazzabo ja wur, mai zurfin da in ka leƙa sai kanka ya juya.

Abin da ya fara damun Tanimu ba zurfin ba ne, shirun ne. Birai sun tafi tuntuni. Wata damina ya lura kwaɗi ma sun daina kuka. In tifofi suka tashi da azahar, wurin sai ya yi tsit, har yana jin numfashinsa. Cikin wannan shirun ne yakan ji wani sauti, dim, kamar an jefar da buhu daga sama. Ba iska, ba ruwa, rana ƙwal. Ya je ya duba, ya tarar wani yanki na gaɓa ya tafi, ƙura tana tashi a hankali. Ƙasar da kanta take sakin jiki.

Sai kuma wata mata. Wata Lahadi da rana tsaka ya ɗaga kai ya hango ta a tsallake, tsaye a bakin kwazazzabon, sanye da fararen kaya daga kai har ƙafa. Ba ta motsi. Kanta a sunkuye, tana kallon ramin. Shekarunsa nawa cikin matattu bai taɓa ganin abin tsoro ba, amma kowa ya san rana tsaka ba lokacin tsayuwa a kufai ba ne. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya juya baya. Da ya waiwaya babu kowa.

Lahadi ta gaba ta dawo, wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya. Ta bayanta ma haka. Bai gaya wa kowa ba. Ran nan dai ya yi ta maza, ya ɗingisa har bakin gaɓa, ya tsaya daidai da ita, ramin yana tsakaninsu. Ta ɗago kai. Ya ga gumi a goshinta, ya ga jakar hannu, sai zuciyarsa ta kwanta.

"Sannu, Baba," ta ɗaga murya, da Hausar mutanen Filato. "Naku ma yana ci?"

"Yana ci," in ji Tanimu.

Sunanta Dokas, malamar firamare ce daga Pankshin. Fararen kayan na mawaƙan coci ne, daga sujada take biyowa. Mijinta Bitrus ya rasu a haɗarin motar ma'aikata a hanyar Abuja, aka binne shi a nan. Ta nuna masa da hannu. A lokacin ne Tanimu ya fara ganin maƙabartar tsallake da idonsa, gicciye a jere, na gaba-gaba sun karkata suna leƙen ramin.

"Kowane mako sai na ga ya matso," in ji ta. "Na gaya wa dattawan coci, sun ce za a duba."

"Ni ma na gaya wa Mai Unguwa, Malama. Ya ce za a duba."

Kowa ya dubi gefen ɗan'uwansa. Daga inda take tana ganin abin da shi ba ya gani, wato bangon da yake tsaye a kai. Ya ga fuskarta ta sauya.

"Baba, ja da baya," ta ce. "Akwai farin ƙyalle a ƙarƙashinka."

Ya zagaya ta inda tifofi suke sauka, ya shiga cikin kwazazzabon, ya ɗaga kai. Likkafani ne, ya leƙo daga jikin jar ƙasa, bakinsa yana lilo. Kabarin wani tsoho ne da aka binne tun kafin zuwansa. Da taimakon mutum biyu daga masallaci suka kwashe abin da suka samu suka mayar can sama. Labari ya zaga unguwa, aka yi salati, aka yi jimami, washegari tifofi suka dawo.

Abin da ya tayar da unguwa daga wani wuri ya ɓullo. Akwai wani Bakano, Nu'uman, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, yana haya a ɗaya daga cikin sababbin gidajen. Wata safiya ya iso maƙabarta cikin kayan ofis, bai tafi aiki ba. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ciro hankici daga aljihu ya buɗe a gaban Tanimu.

"Baba, don Allah duba mini wannan. Ƙusa nake bugawa zan rataye agogo, sai filasta ta ɓare. A cikin bulon na same shi. Na ce ko na akuya ne."

Tanimu ya karɓa. Ɗan guntun ƙashi ne, siminti ya manne masa, da haƙora biyu a jiki. Ya juya shi a tafin hannu. Ya so ƙwarai ya ce na akuya ne.

"Na mutum ne," ya ce.

Nu'uman ya zauna daɓas a ƙasa, bai damu da wandonsa ba. "Daidai kan gadona ne, Baba. Tun da na zo garin nan a nan nake sa kaina."

Suka binne guntun tare, su biyu, Nu'uman yana ta addu'a ba ya ko haɗiye yawu. Kafin azahar maganar ta gama unguwa. Mutane suka fara kallon bangon ɗakunansu da wani ido. Mata suka janye gadaje zuwa tsakiyar ɗaki. Maza masu zaman hira a ƙofar gida suka daina jingina. Wata mata ta rantse tana jin bangonta yana gumi, wani ya ce yaronsa ba ya yarda ya shiga ɗaki sai an ja shi. Babu mai iya cewa wane gida ne da shi, wane ne babu, don duk unguwar da yashin rafin nan aka gina ta. 'Yan haya suka fara zancen tashi, sai masu gidaje suka ruga wurin Mai Unguwa.

Mai Unguwa ya ce a kira taro. Dokas ce ta kawo shawarar ranar taron. Ta ce a sa shi Asabar ɗin shara ta ƙarshen wata, lokacin da ake hana motoci fita da safe, don ranar ce kaɗai ma'aikatan Abuja suke gida. Aka buɗe aji ɗaya a makarantarsu. Manyan mutane suka takure a kan bencin yara, liman a gaba kusa da fasto, mata masu itace a bakin taga. Tanimu ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa saboda ƙafarsa.

Taron bai fara da daɗi ba. Linus, mai gidan bulo mafi girma a unguwar, ya miƙe ya ce shi yashi yake saye, ba ya tambayar tifa daga ina ta fito, kuma shi ma a ɗakin bulon nan 'ya'yansa suke kwana. Khamis ya ce in an hana su rafi, a gaya musu abin da za su kai gida. Wata dattijuwa daga taga ta ce ai su tsinta suke yi, masu zarto ne suka kayar da manyan. Wani ya ce mutanen ɓoye ne na kurmin suka fusata da aka rushe musu gida, a nemi baƙin bunsuru. Liman ya ce kada ya ƙara jin wannan magana. Hayaniya ta kaure.

Mai Unguwa Mu'azu ya buga sanda. "Tanimu, kai ne kake kwana kake tashi da abin nan. Me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ni ban san maganinsa ba," in ji Tanimu. Sai da aka yi shiru sannan aka ji shi. "Na dai san in aka bar shi, damina biyu ba za ta wuce ba zai kai layin da iyayen yawancinmu suke. Kuma ba daga rafi yake farawa ba. Daga sama yake zuwa."

Dokas ta ce a garinsu, kan duwatsu, ba a barin ruwa ya taru ya yi ƙarfi. Ana jera duwatsu a gicciye, a dasa ciyawa mai saiwa, ruwa ya sauko yana hutawa. Ta ce amma kafin a yi komai, a fara sanin hanyar da ruwan yake bi. Nu'uman ya ce to a bi shi mana. Aka yi dariya, sannan aka ga ba abin dariya ba ne.

Haka aka yi. Ranar da hadari ya haɗu da la'asar, mutanen da aka zaɓa suka fito, wasu da lema, wasu da buhu a ka. Suka fara daga gidajen can sama, suka bi ruwan da yake zubowa daga indararo, lungu zuwa lungu. Tanimu yana baya yana jan ƙafa. Suka ga yadda 'yan ƙananan hanyoyin ruwa suke haɗuwa, inda wani ya gina katanga ya karkatar da nasa zuwa na maƙwabci, inda shara ta toshe kwalbati ruwa ya haura titi. Duk suka zube a wani lungu ɗaya a bayan gidan bulon Linus, suka zama kogi mai jan ruwa, ya faɗa kan kwazazzabon da ruri. Suna tsaye a nan jiƙe sharkaf, gaɓa ta zabtare a gabansu, ta tafi da wata bishiyar gwanda a tsaye, ganyenta ko girgiza bai yi ba har ta nutse. Babu wanda ya ƙara yin gardama bayan wannan.

Shirin bai fito rana ɗaya ba, an sha Asabar ana ja-in-ja. A ƙarshe aka shafa wa wasu duwatsu farar ƙasa aka jera su a gaɓa biyu, aka ce daga nan zuwa nan ba ɗiban yashi, ba sara. Masu tifa aka nuna musu wani wuri can ƙasa da gari inda yashi yake taruwa da kansa, suka yi ta ƙorafin nisa, suka tafi. Kowane mai gida aka ce ya kafa duro ko ya haƙa rami a gindin indararonsa. Aka raba ruwan lungun Linus gida uku, shi kuma ya ba da fasassun bulo. An je wurin hukuma neman babban magudani, aka dawo da alkawari, amma wani jami'in gandun daji ya ba su 'ya'yan itatuwa, ya kuma nuna musu inda za su samo saiwar gora da ciyawar jema. Mata masu itace suka ce in dai za a bar musu rassan da aka sassabe nan gaba, su za su riƙa ban ruwa da rani.

Saura kaburburan da suke bakin rami. Liman ya ce in ruwa zai ci kabari, ya halatta a ɗauke mamaci a mayar da shi inda zai tsira. Aka sa aikin da bazara, kafin ruwan fari. Masu zuwa ba su da yawa. Khamis ya zo, ya ajiye tifarsa, ya karɓi shebur. A tsallake ma mutanen coci suna nasu, ana jiyo ƙarar digarsu.

Tanimu ya bar na Sailuba a ƙarshe. Daga sama kabarin lafiya lau yake, tudunsa bai ko tsage ba, kuma da sauran tazara tsakaninsa da bakin gaɓa. Nan yake zuwa kowace Juma'a ya tsuguna ya yi mata addu'a, ya ba ta labarin Tayyiba da jikoki. Da hantsi suka fara. Suka kwashe ƙasar sama, suka kai ga itatuwan rufi. Suna nan a jere yadda ya sa su, har da shatin yatsunsa a jikin busasshen yumɓu. Ya yi bisimilla ya ɗaga na farko.

Iska ce ta fito, mai sanyi, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta bugi fuskarsa a tsakiyar zafin bazara. Ya ɗaga na biyu. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Babu likkafani, babu ƙashi, babu ko ƙasan kabarin. Rami ne ya tafi a karkace, sumul kamar an shafe shi da hannu, ya gangara cikin duhu ta wajen kwazazzabo. Can ƙarshensa akwai ɗan haske kamar ƙwayar gero. Ruwa ya daɗe da bi ta ƙarƙashi ya yi hanyarsa. Tanimu ya kasa kunne, ya ji ɗigowar ruwa a wani wuri can ciki, ɗis, ɗis.

Ya daɗe a kwance. Da ya tashi zaune, ƙasa ta manne masa a gemu. Khamis ya leƙa shi ma, ya ja da baya, ya dubi inda ramin ya nufa. Daidai wurin da ya saba juya tifarsa ne ya yi lodi.

"Baba," ya ce. "Ke nan Inna tana iya kasancewa a cikin…"

"Yi shiru, Khamis."

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"Na san ba ka sani ba. Ni da nake zuwa nan kowace Juma'a, na sani ne?"

Suka cika ramin da duwatsu da ƙasa, suka daddaɓe. Tanimu ya shiga kwazazzabon ya bi shi har inda ya haɗu da babban rafi, yana tona yashi da sanda. Ya yi haka kwanaki. Bai samu komai ba.

Daga wannan lokacin wata ɗabi'a ta same shi. In zai ratsa ta cikin sababbin gidaje, sai ya rage tafiya, ya dubi bangon, leɓensa yana motsi. Nu'uman ne ya fara jin abin da yake faɗa, wata rana da suka yi kiciɓis a lungu. Sallamar da ake yi wa mutanen kabari ce in an shiga maƙabarta. Yana yi wa kowane layin ɗakuna, har da shagon mai gyaran rediyo. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Nu'uman bai ce haka ba. Ya matsa gefe ya ba shi hanya, kuma bai gaya wa matarsa ba.

Aikin gayya kuwa bai tsaya ba, Tanimu ma bai fasa zuwa ba. Khamis ya yi ta jigilar duwatsu da tifarsa daga gindin tsauni. Aka jera su a gicciye cikin kwazazzabon, mataki-mataki, aka cusa buhunan ƙasa. Aka dasa jema layi-layi a gaɓa, gora a ƙasa, mangwaro da kashu a sama. Ruwan farko ya kwashe rabin aikin. Aka sake. Awaki suka cinye 'ya'yan itatuwa, aka kewaye su da ƙaya. Wani mai tifa ya saci hanya ya ɗebi yashi cikin iyaka, mata masu ban ruwa suka tare shi suka zauna a gaban motar har sai da ya juye. Musulmi suna aiki a gaɓar Kirista, Kirista a ta Musulmi, don ruwan bai san bambanci ba, kuma in gefe ɗaya ya tsaya ɗaya ya faɗi, aikin banza ne. Kabarin Bitrus an ɗauke shi cikin lokaci. Dokas ta zo har maƙabarta ta gaya wa Tanimu, sannan ta tuna da kabarin Sailuba, ta ce, "Sannu, Baba." Ya ce, "Madalla, Malama. Na yi murna."

A daminar 1997 aka yi wani ruwa da ya kwana biyu yana zuba, ya rushe gidaje a wasu unguwanni. A Rafin Kanya ya ci kusurwa ɗaya ta maƙabarta, inda babu kowa a ciki, ya tsaya a nan. Jema ta kwanta ta tashi. Yashi ya taru a bayan duwatsun, ramin ya fara cikowa daga ƙasa. Sai dai ruwan da aka karkatar ya buɗe wani sabon kwazazzabo a unguwar da ke gaba, mutanen can suka zo da faɗa, daga baya suka dawo neman saiwar gora. Kurmi bai dawo ba. Abin da ya fito wani abu ne dabam, siriri, mai haske, gora tana ƙara in iska ta kaɗa kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Yara ba sa son bi ta wurin.

Nu'uman ya samu gidan gwamnati a Abuja ya tashi. Khamis ya ci gaba da tifarsa a wurin da aka nuna musu, amma ba ya lodi sai an tankaɗe yashin a gabansa, abokan aikinsa suna yi masa tsiya. Ƙafar Tanimu ta ƙara lalacewa, har hawa tudun maƙabarta ya gagare shi. A farkon 1999 Tayyiba ta zo da mijinta suka ɗauke shi zuwa Lambata. Sun gyara masa ɗaki mai siminti, ya ce a yi haƙuri, a ba shi bukkar da ake ajiye doya. A ciki ya ƙarasa kwanakinsa, yana jin ƙarar manyan motoci a mararraba, yana gyara wa maƙwabta ƙotar fartanya.

Ya rasu da kaka, da safe, bayan ya sha kunu. Wani direban bas ne ya kawo labarin Suleja. Ya tarar da kwamitin unguwa a ajin makaranta, ana ta cacar baki a kan wani mutum da ya zo da takarda ya ce ya sayi fuloti a cikin wurin da aka dasa itatuwa, har ya kafa turaku. Mai Unguwa ya buga sanda ya faɗi rasuwar. Liman ya ɗaga hannu, Dokas ta sunkuyar da kai, Khamis ya fita waje. Bayan an shafa, mai fulotin ya gyara murya ya ce shi dai takardarsa tana hannunsa. Maganar sai da ta kai su wata daminar.